Nura Ya Lashe Kyauta a Bikin Fina-finai, To Yaushe 'Yan Acaba Za Su Ga Fim Ɗinsu?

Malam Sani (Admin): Assalamu alaikum. Ga hotunan daren jiya nan na turo. Ɗanmu Nura ya lashe kyautar gajeren fim a bikin nan da muka yi ta tallarsa a zauren nan tun watan jiya. Yaron Idi-Araba, mai ɗaukar mana bidiyon biki da suna, shi aka kira a gaban manyan 'yan Nollywood. Allah ya sanya albarka. Mai addu'a ya rubuta da hannunsa, don Allah a rage sitika, wayata ta cika.

Maman Ikram: Alhamdulillahi! Ina cikin silimar, har yanzu muryata ba ta dawo ba saboda ihu.

Garba Mai Canji: Allah ya ƙara ɗaukaka, Darakta.

Alhaji Ɗanlami Mile 12: Madalla da ɗana. To nawa suka ba ka?

Garba Mai Canji: Haba Alhaji, ko barka ba a gama ba, sai lissafi?

Alhaji Ɗanlami Mile 12: Garba, mai canji ne zai hana ni tambayar kuɗi? Ina da hannu a fim ɗin nan. Ni na ciyar da su ranar da suka yi ɗauka a bayan rumfata.

Nura Kyamara: Na gode iyayena da yayyena. Tun asuba nake son in rubuto, kira ya hana ni. Bari in ba ku labarin yadda aka yi, sannan in amsa wa Alhaji.

Ni da Baba Isiyaku muka tafi, danfo har Obalende, daga nan muka sake mota. Ga wanda bai sani ba, Baba Isiyaku ne jarumin fim ɗin, kuma ba ɗan wasa ba ne. Ɗan acaba ne na gaske, cikin waɗanda suka rasa baburansu bayan dokar 1 ga Yuni, 2022, wadda ta hana acaba a Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Apapa, Lagos Island da Lagos Mainland. A bakin ƙofa mai gadi ya dube ni da shadda ya ce in wuce, ya dubi silifas ɗin Baba ya ce direbobi a waje suke jira. Ina cikin yi masa bayani sai ga wata yarinya cikin masu shirya taron. Ta kalli Baba, ta kalli fostar da ke manne a bango bayansa, ta dafe kai. Fuskarsa ce ta cika fostar, shi kuma ga shi a tsaye ana hana shi shiga. Ita ta riƙo hannun rigarsa har kujera.

Da aka kashe fitila ban kalli allo ba, mutane nake saurara. Hausawan da suka zo ba su wuce layi ɗaya ba, su Anti Maman Ikram, can baya. Duk inda aka yi abin dariya su ke fara fashewa, sai bayan numfashi guda sauran jama'a su ɗauka, don sai sun karanta fassarar da ke ƙasan allo. Dariya biyu ake yi wa kowace magana. Wurin da mai shayi ya ce wa Baba bashinsa ya isa aure kuwa, layin baya kaɗai ya kwashe, sauran suka waiwayo suna kallonsu. Manyan lasifiku kuma ba sa rufa wa mutum asiri. Kukan janaretan maƙwabtanmu da na ɗauka na share shi a kwamfuta, ga shi nan kwance ƙarƙashin kowace magana. Nutsewa na yi a kujera.

Da aka zo ba da kyauta, shugabar alƙalan ta ce abin da ya kama su shi ne wurin da Baba ya fito da sassafe da hular kwano a hannu, ya je mahaɗar da ya saba tsayawa alhali babu babur, ya zauna a benci ya kira matarsa a gida yana ce mata aiki na tafiya lafiya. Ta ce sun ji daɗi da ban sa kiɗa a wurin ba. Tsakani da Allah kuɗin mai kiɗa ne ba ni da shi, amma na gyaɗa kai kamar da gangan na yi.

Alhaji, ga amsarka: kofin gilashi, takardar shaida, 'yan kwanaki kyauta a wani sutudiyo don gyaran launi da sauti a aikina na gaba, da ɗan kuɗi. Na cire wa Baba nasa, na rage wa mai hayar kyamara abin da yake bi na, abin da ya saura kuɗin mota ne. Asabar ɗin nan ma ina da ɗaurin aure a Agege da zan ɗauka.

Alhaji Ɗanlami Mile 12: Wato kofi.

Maman Ikram: Alhaji, ka ji tsoron Allah.

Usaini Kaset: Barka ƙanena. Ni roƙona ɗaya, ka turo mana adireshin YouTube mu kalla, mu kuma tura wa jama'a. Yanzu ƙarfen ke da zafi.

Nura Kyamara: Yaya Usaini, a nan gizo ke saƙa. Ba zan iya sa shi a intanet yanzu ba. Cikin waɗanda suka kalla jiya akwai wani mai zaɓen fina-finai na wani biki a Turai, ya ce in turo masa, amma sharaɗinsu kada fim ɗin ya kasance a buɗe a intanet. Da yawa cikin manyan bukukuwa haka suke, suna son a ce a wurinsu aka fara ganinsa a ƙasarsu ko a nahiyarsu. Da zarar ya hau YouTube, wannan ƙofar ta rufe. Sai fim ya gama zagayensa, shekara ɗaya ko fiye, sannan a sake shi.

Usaini Kaset: Tsaya in gane. Ka yi fim a kan 'yan acaba, da Hausa, da ɗan acaba, a titin da 'yan acaba ke kwana. Mutanen Lekki sun gani, Turawa za su gani, 'yan acaba su jira shekara?

Garba Mai Canji: Tambaya ce fa.

Usaini Kaset: Ni na sayar da kaset da faifai a Agege tun kafin wasunku su iya ɗaura zariya. Na ga lokacin da mutum zai sauko daga motar Kano da kwali biyu na sabon fim, kafin la'asar babu ko ɗaya. Ba alƙali, ba kofi. Mai kallo ne alƙali, kuma da kuɗinsa yake yanke hukunci. Kasuwar faifai ta mutu, na yarda, amma masu kallon ba su mutu ba, waya suka koma.

Auwal Akoka: Yaya Usaini, bari in ɗan sa baki. Hanyar da Nura ke son bi, akwai waɗanda suka bi ta mun ga inda ta kai su. Akinola Davies Jr. da gajeren fim ya yi suna, Lizard, wanda ya ci babbar kyautar gajerun fina-finai a bikin Sundance na Amurka a 2021. A 2025 dogon fim ɗinsa, My Father's Shadow, da labarinsa ya faru a nan Legas lokacin zaɓen 1993, ya shiga bikin Cannes na Faransa. Shi ne fim ɗin Najeriya na farko da ya shiga jerin zaɓaɓɓun bikin, har alƙalai suka yi masa yabo na musamman. Ba don gajeren ya fara zaga bukukuwa ba, wa zai yarda ya zuba kuɗi a dogon? Haka Mami Wata na C.J. Obasi, fari da baƙi ne ma ba launi, ya ci kyautar ɗaukar hoto a Sundance a 2023.

Kuma abin ba na Turawa kaɗai ba ne. FESPACO, bikin fina-finan Afirka na Wagadugu, tun 1969 ake yin ta. Wanda ya fara cin babbar kyautarta a 1972 maƙwabcinmu ne ɗan Nijar, Oumarou Ganda. Ɗan Najeriya Newton Aduaka ya ci ta a 2007 da Ezra. A gida kuma muna da namu bukukuwan, ga AFRIFF da Chioma Ude ta kafa a 2010, ga iREP ta fina-finan gaskiya, ga Zuma a Abuja ƙarƙashin Hukumar Fina-finai ta Ƙasa, wadda Ali Nuhu ke shugabanta tun 2024.

Sannan mu lura da wani abu. A 2019 masu Oscar sun cire Lionheart na Genevieve Nnaji daga gasa saboda Turanci ya yi yawa a ciki, rukunin na fina-finan da ba da Turanci aka yi su ba ne. Shekarar da ta biyo baya Najeriya ta tura The Milkmaid, wanda yawancinsa Hausa ce, kuma shi ya ci kyautar fim mafi kyau a AMAA, gasar fina-finan Afirka, a 2020, Maryam Booth ma ta samu tata kyautar a ciki. A 2024 aka tura Mai Martaba, shi ma Hausa. Babu wanda ya kai zagayen ƙarshe, amma sau biyu ke nan harshenmu ya wakilci ƙasa. Yin fim da Hausa ba naƙasu ba ne a can.

Usaini Kaset: Malam Auwal, sannu da karatu. Tambaya ɗaya zan yi. Duk wanda ya kalli The Milkmaid daga farko har ƙarshe a zauren nan ya ɗaga hannu.

Auwal Akoka: Ni na kalla.

Maman Ikram: Ni tallarsa na gani.

Usaini Kaset: Mutum ɗaya da rabi. To wa bai san Labarina na Aminu Saira ba? Je ka kowane teburin mai shayi a Idi-Araba da daddare, za ka tarar da mutum biyar sun haɗa kai a kan waya ɗaya. Wannan shi ne fim ya kai ga mutanensa. Ɗaya kuwa ya wakilce mu a Amurka, mu da aka wakilta ba mu san me aka faɗa a madadinmu ba.

Auwal Akoka: Wannan matsalar rarrabawa ce, ba laifin biki ba. Silimomin Legas a manyan kantuna suke, tikitinsu ya fi ƙarfin mai tura baro, kuma ba sa haska gajeren fim.

Usaini Kaset: Ai maganata ke nan ka maimaita da lafazin jami'a.

Alhaji Ɗanlami Mile 12: Ku bar maganar YouTube tukuna, ni wani abu ne ke ci mini tuwo a ƙwarya. Nura ɗana ne, ina alfahari da shi, amma zan faɗa. Me ya sa kullum in za a nuna Bahaushe a Legas sai a nuna shi a wahala? Shekara da shekaru 'yan Nollywood na nuna mu a matsayin mai gadi da ba ya jin magana, ana kiransa aboki ana dariya. Yanzu namu ya samu kyamara, shi ma ya nuna mu muna zaune a benci ba aiki. Kuma shi aka ba kyauta. Da ya nuna Bahaushe mai tireloli goma, za su ba shi? Ni ina ganin talaucinmu suke saye. Ka zo Mile 12 ƙarfe huɗu na asuba ka ga motocin tumatir da albasa da tattasai na shigowa daga Kano da Sakkwato da Filato. A 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha ta Ibadan, da aka tsayar da motocin abinci na 'yan kwanaki, garin nan ya san wa ke ciyar da shi. Wannan ba labari ba ne?

Garba Mai Canji: Alhaji so yake a yi fim ɗinsa.

Alhaji Ɗanlami Mile 12: In an yi ma, sai me?

Maman Ikram: Alhaji, da girmanka, ba ka ga fim ɗin ba, ni na gani. Mai gadin da kake faɗa a fina-finan can ba shi da suna, ba shi da mata, ba shi da gari. An ajiye shi ne don a yi masa dariya. A na Nura, Isiyaku ne ke da labarin, kowa a bayansa yake. Yana da wayo, yana da girman kai ma, akwai inda ya ƙi karɓar sadaka daga hannun wata mata da ya saba kai wa 'ya'ya makaranta. Kusa da ni wata Bayarabiya ce, dattijuwa, ta ƙure adaka da leshi da ɗauri. Da aka kunna fitila ta juyo ta tambaye ni ko na san mutumin. Ta ce akwai ɗan acaban da ya yi shekaru yana kai ta kasuwa, ranar da ya ɓace ba ta taɓa tambayar kanta ina ya shiga ba, kawai ta koma hawa keke. Ba tausayi na gani a fuskarta ba, kunya na gani. Ni a wurina wannan ya fi a nuna mata tirela.

Nura Kyamara: Baba Alhaji, maganarka ba ta faɗi ƙasa ba. Akwai alƙalan da in ba su ga kwata da ƙuda ba, ba sa yarda Afirka ce. Akwai wanda ya kalli fim ɗin tun yana ɗanye ya ba ni shawara in ƙara wurin kwanan su Baba a ƙarƙashin gada, ban ƙara ba. Amma ni abin da na sani na ɗauka. Gidanmu ɗaki biyu 'yan acaba ne a ciki, a gabana suka riƙa tattara kaya suna komawa gida ɗaya bayan ɗaya. Mai tirela ban taɓa zama da shi ba. In ka buɗe mini ƙofa in zauna da ku wata guda, in ga yadda ake ciniki da yadda ake asara in mota ta kwana a hanya tumatir ya ruɓe, wallahi zan yi.

Alhaji Ɗanlami Mile 12: Asarar ce ta fara zuwa maka a rai. Kun gani ko?

Zainab Kwastum: Salamu alaikum, yanzu na sauko daga wurin ɗauka a Ikorodu na tarar da saƙo fiye da ɗari. Nura, barka. Ni maganar aiki zan yi maka, don na ga masu cin kyauta da yawa a garin nan, wasu sun wuce gaba, wasu kofin na kan talabijin suna ta goge shi.

Daga yau saƙonni za su fara shigo maka, wai an zaɓi fim ɗinka a bikin kaza na birnin kaza, ka biya kuɗin shiga. Yawancinsu ba biki ba ne. Ba silima, ba 'yan kallo, kowane wata suna raba kyauta, sana'arsu sayar da hoton ganyen nan biyu da ake liƙawa a fosta. A FilmFreeway, shafin da ake tura wa bukukuwa fim ta cikinsa, da dala ake biya, kai ka san yadda dala take tun da aka saki naira a 2023. Kafin ka biya ko sisi ka duba: shekara nawa suka yi, a wace silima suke haskawa, akwai hoton mutane a zaune? Na gaskiyan kuma ka rubuta musu ka nemi su yafe maka kuɗin shiga, ka ce daga Najeriya kake kuma ga kyautar da ka ci. Ba duka ke yarda ba, amma tambaya ba ta cin kuɗi. Wanda kuma shi ya nemo ka da kansa, kai za ka tambaye shi ladan haskawa, ba kai za ka biya ba.

Takardu fa? Duk wanda fuskarsa ta fito sosai ya sa hannu ko ya dangwala cewa ya yarda? Waƙar da ke tashi a rediyon mai shayi ta wace ce? A biki za a iya kau da kai, amma ranar da gidan talabijin zai saya, abin da za su fara tambaya ke nan. Ko ka nemi izinin mai waƙar a rubuce, ko ka cire ta tunda ga sutudiyo kyauta ka samu. Ka share janaretan nan ma a lokaci guda.

Kada kuma ka sa rai da manyan kamfanonin intanet. Amazon tun Janairun 2024 ta daina ba da kwangilar sababbin fina-finai a Afirka, kuma da ma ba gajere suke nema ba. Amfanin kofin nan ɗaya ne: wasiƙarka za a buɗe ta yanzu. Asusun Hubert Bals na Rotterdam, asusun World Cinema Fund na Berlin, kasuwar Durban FilmMart, duk suna tallafa wa masu fim daga nahiyar nan, kuma tambayarsu ta farko me ka taɓa yi, ta biyu me za ka yi nan gaba. In ba ka da labari na gaba a rubuce kafin zafin nan ya huce, ka yi asarar kyautar. In gayyatar Turai ta tabbata, ka tambaye su tun wuri wa zai biya jirgi da masauki. Bizar Schengen ta shiga Turai kaɗai Yuro 90 ce, kuma in an hana ka ba a mayarwa.

Nura Kyamara: Anti Zainab, Allah ya saka. Baba da mai shayi sun dangwala. Waƙar kam zan cire.

Garba Mai Canji: In za a sayi Yuro dai an san inda nake.

Malam Sani (Admin): Jama'a, Malam Isiyaku ba ya cikin zauren nan, amma na karanta masa abin da ake ta faɗa a kansa, ya turo saƙon murya. Saboda masu ƙarancin data na rubuta muku yadda ya faɗa:

"Ina gaida manya. Ni Nura bai cuce ni ba, ya biya ni lokacin aiki, jiya ma ya ƙara mini. Abin da ya dame ni, tun da hotona ya fita a waya, abokan aikina gani suke na yi kuɗi. Yau da safe mutum uku sun zo rance. Ni kuwa baburin wani nake ja a lungunan Agege, kullum in kai masa balas. Ina so su ga fim ɗin su gane ba na sarauta ba ne, zaman bencin da muka yi tare ne. Amma maganar a sa a waya kowa ya gani, a dakata. Wayar nan da na yi a fim, na yi irinta da gaske. Wata da watanni ina gaya wa mai ɗakina aiki lafiya, ina ranto abin da nake tura mata. Har yau ba ta sani ba. In ƙannenta suka gani a waya suka kai mata, da wane ido zan kalle ta? A bari in je gida da Sallah in gaya mata da bakina."

Maman Ikram: Allahu akbar.

Usaini Kaset: To. Wannan kam ta fi ƙarfin gardamata. Ba don Turawa ba, don Malam Isiyaku, na janye YouTube zuwa bayan Sallah. Amma rabin maganarsa tawa ce, ku lura. Shi ma so yake mutanensa su gani.

Auwal Akoka: Ni abin da ya tsaya mini, dangwala hannun da Anti Zainab ta ce a yi, Baba ya yi shi, amma ashe bai ɗauke wannan nauyin ba. Takarda ta ba Nura dama ya sa fim ɗin duk inda ya so. Da ɗan wasa ne, ya tuɓe rigar ya tafi gida. Shi kuwa rayuwarsa ce aka haska, kuma ita alƙalan suka yaba.

Nura Kyamara: Na san da maganar, shi ya ba ni labarin da kansa har na sa shi a fim. Mun yi alkawari tun kafin a fara ɗauka cewa ba zai hau intanet ba sai ya ce to. Ban faɗa a nan ba ne don ba sirrina ba ne.

Zainab Kwastum: To ai abin ya zo da sauƙi. Sharaɗin mutanen Turai intanet ne da nahiyarsu. Fim ɗin an riga an haska shi a Legas jiya, sake haska shi a Legas ba zai karya komai ba. Nura, ka rubuta wa mutumin ka gaya masa za ka nuna wa mutanen da aka yi fim ɗin a kansu, kyauta, ba tikiti. Ka sa ya amsa a rubuce ka ajiye. Irin wannan ma so suke, za ka ga sun sa shi cikin bayanin fim ɗin.

Usaini Kaset: Majigi ke nan. Ina da na'urar haskawa da nake ba masu gidan ƙwallo haya, da lasifika biyu. Farin ƙyalle kawai za a nema. Kuma a cire fassarar nan ta ƙasa, ba mai buƙatarta.

Maman Ikram: A bar ta. Maƙwabtanmu Yarabawa za su leƙo, kuma ina so su leƙo.

Alhaji Ɗanlami Mile 12: Man janareta da kujeru hamsin a kaina. Da sharaɗi: Nura ya zo kasuwa ranar Litinin da asuba, ba da kyamara ba, da kunnensa.

Nura Kyamara: Na karɓa, Baba. Ƙarfe nawa?

Alhaji Ɗanlami Mile 12: In ka ji kiran sallar farko ka makara.

Auwal Akoka: A ina za a yi? Idi-Araba ya kamata, can aka ɗauki yawancinsa.

Usaini Kaset: Agege. Can Malam Isiyaku yake yanzu, can abokansa suke, kuma ba zan ɗora na'urata a danfo ba.

Malam Sani (Admin): Agege za a fara, in an ga yadda ta kaya a je Idi-Araba. Zan je in gaida Sarkin Hausawan unguwa in sanar da shi, shi zai san yadda za a gaya wa hukuma, kada a ga taron 'yan acaba da dare a ɗauka wani abu ne. A cikin harabar makarantar Islamiyya za a yi in malamai sun yarda, bayan isha'i, ba a titi ba, don kada agbero, 'yan kamashon tasha, su zo neman nasu. Mata gefe guda, Maman Ikram ke da wannan.

Zainab Kwastum: Saura abu ɗaya. Mutum ɗari da waya ɗari. Kafin a tashi wani ya ɗauka ya sa a TikTok, alkawarin Malam Isiyaku da na Turawa duk sun tashi a banza.

Maman Ikram: A karɓi wayoyi a ƙofa, a ba kowa lamba, kamar yadda ake yi a ɗakin jarrabawa.

Garba Mai Canji: Wa zai tsaya a ƙofa ya ce wa ɗan acaba ya ba da wayarsa? Ni dai ba ni ba.

Malam Sani (Admin): Kai ne, Garba. Kai ka saba riƙe dukiyar mutane ka mayar ba ta yi ciwon kai ba. Na riga na rubuta sunanka, ka zo da jaka.